Makunnin da ke cikin manhajar rile: ina za a amince da shi, ina ba za a amince ba?

"Assalamu alaikum, Injiniya, ranka ya daɗe. Ni ƙaramin ma'aikacin wuta ne a Daura, shekarata biyu da gama difloma. An kawo mana sabon fanel na 11kV a wurin da nake aiki, sai muka ga babu makunnan nan na juyawa da muka saba da su, irin wanda ake kashe mayar da wuta da shi, da wanda ake zaɓen ko daga nan za a sarrafa bireka ko daga nesa. Wanda ya haɗa ya ce duk suna cikin rile, a manhaja, maɓalli kawai za a danna. Ogana, wanda tun zamanin NEPA yake aikin nan, ya ce shi bai yarda da makunnin da ba zai kama da hannu ya sa masa kwaɗo ba. Shin waɗannan makunnan abin dogaro ne? In batir ya mutu, ina suke komawa? Kuma za a iya tura mutane kan layi bisa dogaro da su?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ƙanena, tambayoyi uku ka ɗaure a ƙulli ɗaya, kuma kowace da tata amsar. Ko abin dogaro ne? E, a aikin da aka yi su dominsa. Ina suke komawa in wuta ta ɗauke wa rile? Ya danganta da irin makunnin da mai tsara fanel ɗin ya zaɓa, kuma a nan galibin ɓarnar take. Ko a hau layi bisa dogaro da su? A'a, ko da wasa. Sai dai ka lura, makunnin juyawar da ogan naka yake kewa, shi ma ba a hawa layi bisa dogaro da shi. Za mu zo kan wannan.

Saboda masu karatu da ba 'yan sana'a ba, bari mu daidaita harshe. Bireka shi ne babban makunnin da ke yanke wutar layi, kuma a wurinmu in an ce bireka ya buɗe, wuta ta ɗauke ke nan. In ya rufe, ta dawo. Akasin famfo. Rile kuwa mai gadin layi ne: yana kallon wutar da ke wucewa ta ƙananan taransifomomin awo, CT da VT, in ya ga abin da bai dace ba sai ya umarci bireka ya buɗe.

Yadda makunni ya koma cikin akwati

Rilen da ogan naka ya fara aiki da shi faifan alminiyam ne mai juyawa a cikin gilashi, kamar tsohuwar mitar gida. Aiki ɗaya ya iya. Kariya daga wutar da ta wuce kima, rile ɗaya. Kariya daga zubar wuta zuwa ƙasa, wani. Mayar da wuta ba tare da hannun mutum ba bayan tirif, wato bayan rile ya sa bireka ya buɗe, wani dabam. Waya ce ke haɗa su, saboda haka in kana son cire ɗaya daga aiki dole ka yanke masa hanya. Abin da ya cika fuskar tsohon fanel da makunnai ke nan. Kowane aiki da lambarsa a ƙa'idar IEEE C37.2, kuma gara ka haddace su don da su zane yake magana: 52 bireka, 50 da 51 kariyar wuce kima, 79 mai mayar da wuta, 86 mai kulle bireka bayan babban laifi, 43 makunnin zaɓi.

A 1969 wani injiniya Ba'amurke, George Rockefeller, ya rubuta takarda yana nuna cewa kwamfuta za ta iya ɗaukar aikin kariya na tasha. A 1971 kamfanin Westinghouse ya gwada irin wannan a kan wani layi a Kalifoniya, sannan a 1984 kamfanin Edmund Schweitzer, wato SEL, ya sayar da rilensa na farko mai ƙwaƙwalwar kwamfuta. Daga nan ayyukan da ke cin fanel guda suka shige akwati ɗaya, wayoyin da ke tsakaninsu suka zama lissafi: in kaza ya faru, kuma kaza bai hana ba, to a yi kaza.

Makunnin manhaja ba wani abu ba ne illa gurbi ɗaya a ƙwaƙwalwar rile, wanda ke riƙe sifili ko ɗaya. Ka danna maɓalli a fuskar rile, ko ka aiko umarni ta waya daga ɗakin kula, gurbin ya sauya. Lissafin rile kuma yana leƙa shi kafin ya yanke hukunci. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa masa. Basler ya ajiye tsofaffin lambobin, yana kiran nasa 43, 143 da sauransu, na bireka kuma 101. SEL ya kasa nasa uku: LB da ake juyawa daga fuskar rile, RB da ake juyawa daga nesa, da LT mai riƙe matsayinsa. Rile irin su MiCOM da SIPROTEC da Multilin duk suna da nasu. Ta fuskar hali kuwa iri biyu ne: mai zama inda ka ajiye shi, kamar makunnin fitilar ɗaki, da mai komawa da kansa bayan ɗan lokaci, kamar madannin ƙararrawar ƙofa. Na farko ake sa wa 79, na biyu ake buɗe bireka ko rufe shi da shi.

Abin da ogan naka ya hango, da abin da ya ɓuya masa

Hausawa sun ce abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai gani ba, kuma ni ba na raina tsoron dattawan sana'a. Amma akwai wani abu da na daɗe ina nuna wa abokan aiki, su yi shiru. Ka buɗe bayan kowane fanel na zamani mai makunnin juyawa na 79, ka bi wayarsa da yatsa. Ba za ta kai ka ga nadin rufe bireka ba, wato naɗin wayar da in wuta ta shige shi yake rufe bireka. Za ta kai ka ga wata ƙofar shiga a bayan rile, inda take ajiye wutar batir, galibi 110V. Ma'ana makunnin bai yanke komai ba. Gaya wa rile kawai yake yi cewa an ce kada ka mayar da wuta, rile kuma ya mayar da saƙon sifili ko ɗaya, ya shigar da shi lissafi. Hukuncin tuni yana hannun manhaja. Kwaɗon da aka sa wa makunnin ya hana hannu juya shi ne kurum.

Har ma makunnin ƙarfe yana iya yin ƙarya. Ƙurar hunturu ta shiga kontak ɗinsa, ko ɓera ya ci wayar, ko kusar tamina, wato inda ake ɗaure bakin waya, ta saki saboda zafi da sanyi. Hannun makunnin yana nuna "a kashe", wutar ba ta isa rile ba, rile yana ganin babu wanda ya hana shi. Na taɓa samun irin wannan, waya ɗaya ta zame daga tamina tana lilo a bayan ƙofa, ba wanda ya san tun yaushe.

To ashe rabon ba tsakanin ƙarfe da manhaja yake ba. Tsakanin makunni mai yanke waya ne da makunni mai gaya wa rile magana. Mai gaya wa rile magana, ko na ƙarfe ne ko na manhaja, ƙarfinsa bai wuce lafiyar rilen da ingancin lissafin da aka zuba masa ba. Mai yanke waya kuwa yana aikinsa ko rile ya haukace, ko ya mutu. Duk makunnin da ka tsaya a gabansa, fara da tambayar wane iri ne a cikin biyun nan.

A aikin gaya wa rile magana, na manhaja ya fi a wurare da dama. Ba shi da kontak da zai yi tsatsa, ba shi da waya da ɓera zai ci, kuma rile yana binciken kansa dare da rana, in ya lalace yana da kontak na musamman da zai tayar da ƙararrawa. Amma abin da na fi so a gare shi shi ne ba ya mantuwa. Duk juyin da aka yi masa yana shiga kundin rile da kwanan wata da lokaci, har zuwa kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Duk wanda ya taɓa zama binciken hatsari ya san yadda ake yi: mai aikin dare ya rantse ya kashe, mai aikin safe ya rantse a kunne ya tarar. Kundin yana raba wannan gardama, da sharaɗin agogon rilen yana daidai. Ina roƙonka ka duba agogon naku gobe, don ba sau ɗaya ba na tarar da rile yana zaune a shekarar da aka ƙera shi.

Sai kuma sauya rukunin saiti, wato jerin ma'aunan da aka zuba wa rile don ya san lokacin da zai yi tirif. Rile da yawa suna da rukuni huɗu, na SEL da dama shida. A wurinmu wannan ba ado ba ne. Fida, wato layin da ke fita daga tasha ya ba unguwanni wuta, da aka ɗauke wa wuta awa takwas, in aka mayar, kowane firji da fanka da injin ruwa tare suke tashi, wutar da za su ja a mintunan farko ta fi ta kullum nesa ba kusa ba, sai rile ya ɗauka laifi ne ya sake tirif. Haka in aka juya fida zuwa wata taransifoma, ƙarfin wutar laifi ya sauya. Da makunni ɗaya na manhaja za ka koma rukunin da ya dace, maimakon abin da wasu ke yi na ɗaga saiti sama a bar shi haka har abada.

In batir ya mutu

Nan zan daɗe, don nan na sha wuya.

Gurbin nan mai riƙe sifili ko ɗaya, ko dai yana cikin ƙwaƙwalwar da ke gogewa in wuta ta ɗauke, ko cikin wadda ba ta gogewa. A rile irin SEL-351, LB da LT suna tashi a inda aka bar su, RB kuwa yana komawa sifili. Wasu tsofaffin rile kuma ƙaramin batir na litiyam ne ke riƙe musu wani sashe na ƙwaƙwalwa, in ya mutu ba a canza ba, abin da yake riƙewa ya tafi. Ba laifin kamfani ba ne, duk a rubuce yake a littafin rilen. Laifin yana zuwa ne in mai tsara lissafi ya ɗora aikin da ke bukatar mai tunawa a kan mai mantuwa.

Wata shekara da farkon damina, a wata tashar 33/11kV da nake kula da kariyarta, masu sassabe za su rage rassan bedi da suka yi kusa da layi. Ba kan layin za su hau ba, kusa da shi za su yi aiki yana da wuta, don haka aka nemi a kashe 79. Dalilin sananne ne: galibin laifin layin sama na wucin gadi ne, reshe ya taɓa ko tsawa ta faɗa, littattafan sana'a kan ce wajen kashi 80 cikin 100, shi ya sa rile ke buɗewa ya jira kaɗan ya sake rufewa. Amma in mutum ne ko igiyarsa ta taɓa layin, rufewar nan ta biyu ita ce ba a so. Mai aiki ya kashe daga kwamfutar ɗakin kula, ya ga fitila ta kama a fuskar rile, ya rubuta a littafi da ƙarfe tara saura kwata. Bai yi kuskure ko ɗaya ba.

Da hantsi masu gyaran cajar batirin tasha suka zo. Wajen sauya wata waya, DC ɗin fanel ɗin, wato wutar batir da rile ke aiki da ita, ya ɗauke na 'yan daƙiƙu, ya dawo. Rile ya mutu ya farfaɗo, allonsa ya haska, komai lafiya. Wajen azahar na shigo ɗakin neman wani zane, idona ya sauka kan fuskar rilen, na ga fitilar nan a mace. Na duba littafi, na sake duba fitila. Gabana ya faɗi. Na sa aka kira shugaban masu sassabe a waya su sauko, sannan na zauna na buɗe kundi. Layi uku ne a jere: wutar rile ta ɗauke, wutar rile ta dawo, mayar da wuta yana aiki. Sama da awa biyu mutane suna kan bishiya kusa da layi, littafi yana cewa a kashe, rile yana shirye ya rufe. Allah ya kiyaye, ko ganye bai taɓa layin ba.

Da na bi lissafin, sai na ga an ɗora hanin kai tsaye a kan makunnin nesa mai mantuwa, kuma an tsara shi a kan ɗaya ce ke hanawa. Gyaran bai ci awa ɗaya ba. Umarnin nesa ya zama ɗan bugu kawai da ke juya makunni mai riƙewa, sannan muka juya ma'anar: sai gurbin ya zama ɗaya 79 zai yi aiki. Yanzu ko ƙwaƙwalwar ta goge gaba ɗaya, rile zai farka da mayar da wuta a kashe, sai mutum ya zo ya kunna. Mafi munin abin da zai faru shi ne unguwa ta ƙara mintuna a duhu.

Tun daga ranar, kowane makunni nakan tambaye shi: in ka farka ba ka tuna komai ba, a wane gefe za ka tsaya? Amsar ba ɗaya ba ce ga kowa. 79 ya farka a kashe. Kariya kuwa, irin 51 ko ta zubar wuta zuwa ƙasa, ta farka a kunne, domin rilen da ya farka da kariyarsa a kashe makaho ne da ke gadin kasuwa. Sarrafawa daga nesa ta farka a rufe har sai an buɗe mata.

Kada ka ɗauka wannan abu ne mai wuyar faruwa. Wutar Katsina da Daura daga Kumbotso take zuwa ta layin 132kV, ta biyo Kankiya, kuma ka ga abin da ya faru a watan Oktoba na 2024, lokacin da Arewa ta kwashe kwanaki a duhu. Caja ba ta samun wuta, batirin tasha awoyi aka gina shi ya ɗauka, ba kwanaki ba, balle wanda zafi ya riga ya cinye. Bayan kowace irin wannan doguwar ɗaukewa, a ɗauka kowane rile ya mutu ya farfaɗo, a bi makunnansa ɗaya bayan ɗaya kafin a rufe bireka.

Ba mutuwar batir kaɗai ke juya su ba. Zuba sabon fayil ɗin saiti daga kwamfuta, ko sabunta manhajar rilen kanta, na iya mayar da su yadda suka fito daga masana'anta. A wasu rile kuma kowane rukunin saiti da nasa lissafin, sai ka ga makunnin da ke hana 79 a rukuni na ɗaya ba a ɗaura shi da komai ba a rukuni na biyu, don wanda ya kwafa ya manta. Ƙaramin gargaɗi kuma ga ranar da za ka fara rubuta lissafi da kanka: ƙwaƙwalwar da ba ta gogewa tana da iyakar yawan rubutun da take ɗauka, don haka kada ka ɗaura makunni mai riƙewa a kan siginar da ke kaɗawa sau ɗaruruwa a yini.

Ido da hannu

Inda ogan naka ya fi ni gaskiya shi ne maganar gani. Makunnin juyawa daga bakin ƙofa kake ganin inda ya fuskanta, ko da tocila, ko fanel ya mutu. Na manhaja in an binne shi a cikin allo, sai ka danna sau biyar kafin ka gan shi, allon kuma zafin ɗakunanmu kan kashe masa haske cikin 'yan shekaru. Makunnin da ba a ganinsa za a manta da shi. Wani ya kashe kariyar zubar wuta zuwa ƙasa don zai haɗa fida biyu na minti goma, aka kira shi waya, ya fita, kariyar ta kwana wata uku a kashe.

Maganin shi ne kowane makunni ya sami fitilarsa a fuskar rile da rubutu a gefenta, kuma ma'anar fitilar ta zama ɗaya a duk tashar. Na shiga ɗakin da fanel biyu ke jingine da juna, a ɗaya fitila ta kama na nufin 79 yana aiki, a ɗayan na nufin an hana shi, don 'yan kwangila biyu ne suka haɗa. Mutumin da aka tasa daga barci ƙarfe uku na dare ba zai tuna wannan bambanci ba. Haka allon kwamfutar ɗakin kula: ya nuna abin da rile ya ce yana ciki, ba abin da aka aika masa ba. Duk kariyar da aka kashe kuma ta riƙa tayar da alamar gargaɗi da ba ta gogewa sai an mayar da ita.

Sai maganar hannun wa. Makunnin ƙarfe sai wanda ke tsaye a gabansa. Na manhaja ƙofofinsa da yawa: fuskar rile, kwamfutar injiniya, da SCADA, wato tsarin kula da tasha daga nesa ta kwamfuta. An yi masa matakan tsaro, babba a cikinsu shi ne zaɓa kafin aikatawa: ka fara nuna abin da kake nufi, rile ya amsa maka, sannan ka tabbatar cikin ƙayyadadden lokaci, in ka wuce ya soke. Wannan yana kare kuskuren yatsa, ba ya kare mugun nufi. Ranar 23 ga Disamba 2015 masu kutse suka shiga kwamfutocin kamfanonin rarraba wuta uku a Yukren, suka riƙa buɗe bireka daga nesa, abokan ciniki wajen 225,000 suka shiga duhu. Abin da ya dawo da wutar cikin awoyi shi ne ma'aikata sun tafi tashoshi sun koma sarrafawa da hannu.

Saboda haka makunnin zaɓen kusa ko nesa, ni na fi son in gan shi na ƙarfe mai ɗan makulli, wanda in an juya shi zuwa kusa, babu umarnin nesa da zai wuce. Bai dace wanda ke nesa ya iya ba kansa izini daga nesa ba. In naku na manhaja ne, aƙalla a tabbatar daga fuskar rile kaɗai ake juya shi.

Gaskiya dai a yankinmu barazanar da ta fi kusa ba ta ƙetare ba ce. Tashoshi da dama har yanzu mutum ne zaune da waya da littafi. Barazanar ita ce kalmar sirri da aka bari yadda ta zo daga masana'anta, wadda duk mai littafin rilen ya sani, ko aka rubuta ta da alƙalami a jikin ƙofar fanel don kada a manta. A raba matakai: mai aiki ya iya juya makunni, amma ba zai iya taɓa saiti ba.

Abin da zai ci gaba da zama jan ƙarfe

Yanzu tambayarka ta uku. Kashe 79, da kowane irin makunni, ba ya kashe layi. Hana bugu na biyu kawai yake yi. Wanda zai taɓa waya, tsaronsa yana cikin abin da ido ke gani: a buɗe bireka, a jawo shi daga mazauninsa ko a buɗe aisoleta, wato makunnin da ke raba layi a fili, har a ga rata, a sa kwaɗo da alama, a gwada a tabbatar babu wuta, a ɗaure layin da ƙasa ta kowane ɓangaren da wuta za ta iya zuwa, sannan a ba da takardar izinin aiki. Maganar kowane ɓangare kada ka ɗauke ta da wasa a zamanin nan. Janareto ko inbatar sola da aka haɗa ba tare da makunnin canji na kirki ba za ta turo wuta baya ta taransifoma, 415V ya tashi ya zama 11kV a kan layin da kowane rile a tasha ke shaida cewa a mace yake.

A cikin fanel ɗin ma akwai abubuwan da ba na yarda a mayar da su manhaja zalla. Hanyar buɗe bireka ta gaggawa ta tafi kai tsaye zuwa nadin tirif ba ta bi ta rile ba, domin ranar da ka fi bukatarta ita ce ranar da rile ya mutu. Wurin gwaji mai yanke wayar tirif ya zauna, shi ne kuma ke haɗe bakin CT kafin a cire rile, tunda CT da aka bar bakinsa a buɗe layi na ɗauke da lodi yana tayar da wutar da za ta iya kisa. A babbar taransifoma ina son 86 na ƙarfe da sai an sa hannu an mayar, kuma siginar Buchholz, na'urar da ke gano iskar gas in an sami laifi a cikin man taransifoma, ta iso gare shi ta hanyarta. In ka taɓa aiki da fanel ɗin kamfanonin Sin za ka ga sun raba abin haka: akwai mahaɗi na ƙarfe a ƙasan fanel, akwai takwaransa a manhaja, kuma galibi sai duka biyun sun yarda kariya take aiki. Ko a tashoshinsu na zamani da umarnin tirif ke bi ta zaren gilashi a saƙon kwamfuta da ake kira GOOSE, sun bar mahaɗi na ƙarfe a matakin ƙarshe kafin bireka.

Ban ga fanel ɗinku ba, kuma rile iri ɗaya a hannun masu tsarawa biyu halinsa biyu ne, don haka abin da zanen lissafinku ya ce shi ne magana, ba abin da na faɗa a kan wani samfuri ba. Dokar tsaron wurin aikinku ma tana gaba da ra'ayina. Ku nemi wanda ya haɗa ya ba ku zanen lissafin da fayil ɗin saiti kafin a sa hannu a takardar karɓa, don in ya tafi samunsa sai an sha wuya.

Sannan kafin a sa wa fanel ɗin wuta, bireka yana waje a matsayin gwaji, ku ware yini ɗaya kai da oganka. Ku ɗauki makunnan ɗaya bayan ɗaya. Ku kunna, ku zare fis ɗin DC, ku jira minti ɗaya, ku mayar, ku rubuta inda ya farka. Ku kashe, ku maimaita. Ku sauya rukunin saiti ku sake dubawa. A kan 79 kada fitila ta ishe ku: ku zuba wuta da na'urar gwaji har rile ya yi tirif, ku tsaya ku ji ko bireka zai sake rufewa. Ku juya zuwa kusa, ku sa wani ya aiko umarnin rufewa daga kwamfuta, ku ga ko zai wuce. Abin da kuka samu ku rubuta shi a takarda ɗaya, ku liƙa a cikin ƙofar fanel. Fis ɗin kuwa, bar wa oga ya zare da hannunsa, kuma ka gaishe min da shi.